Gida Mai Taurari Biyar

Da an idar da sallar azahar bangon yamma yake fara aikinsa. Da safe lafiya lau yake, amma rana na karkatowa sai ya ɗau zafi, kafin la'asar mutum ba ya iya jingina da shi. Rufin ma haka, domin su ne a hawa na ƙarshe, babu komai tsakaninsu da ranar Kuala Lumpur sai dakalin siminti. Hadiyya ta jiƙa zani a bokiti, ta matse, ta shimfiɗa a kan tayil, ta kwantar da 'yarta Afnan a kai. Ita kuma ta zauna a gefe ta miƙe ƙafafu, cikinta da ya tsufa ya tokare mata numfashi. Fankar sama tana ta juyawa, sai dai iskar da take turowa kamar daga bakin tanda take fitowa.

Ga esi, na'urar sanyaya ɗaki, nan maƙale a saman ƙofa, da sitika mai taurari biyar a goshinsa. Rimot ɗinsa kuwa yana cikin jakar mijinta Bahauddeen, can a jami'a, a ɗakin karatun da sanyinsa ya sa kullum sai ya tafi da rigar sanyi.

Taurarin nan su suka shigo da su gidan. Dakta Hambali, wanda ya daɗe yana koyarwa a ƙasar, shi ke karɓar gidaje a hannun masu su yana ba 'yan Najeriya sababbin zuwa haya. Tun suna Kano ya turo musu hotuna: gida a Kampung Baru, ga masallaci ga tashar jirgin ƙasa, an auna shi an ba shi taurari biyar, ba ya riƙe zafi, ba ya cin wuta. Ranar da takardar kuɗin wuta ta farko ta zo, Bahauddeen ya karanta ta a tsaye, ya sake karanta ta a zaune. Washegari ya jefa rimot a jaka.

"Abban Afnan, don Allah ka bar mini shi yau," ta ce da shi wata safiya yana ɗaure takalmi. "Daga azahar zuwa la'asar kawai."

"Hadiyya, ke fa 'yar Kano ce. Wane zafi ne ba ki gani ba? A Fagge da esi kuka tashi?"

"A gidanmu akwai tsakar gida, akwai inuwar darbejiya. Can in ka yi gumi yana bushewa. Nan ko wanka na yi, kafin in zura riga na jiƙe."

"To ki buɗe taga mana."

"Wacce? Ta baya, injinan sanyin benen can ne suke huro mana zafinsu. Ta gaba kuma hayaƙin masu gashi da sauro. Kai da bakinka ka ce in kiyayi sauron garin nan."

Ya miƙe ya rataya jaka. "Alawus ɗinmu bai shigo ba, kin sani. Ki yi maneji, please. In na gama wannan chapter ɗin komai zai daidaita."

Takarda ta biyu ta zo, ba ta sauko yadda ya zata ba. Tsohon firjin da suka tarar a gidan ba ya hutawa, dare da rana yana gurnani yana kokawa da zafin ɗakin, fanka ma ba a kashe ta. Amma Bahauddeen ba firji ya zarga ba.

"Kina kunna esin ta jiki, ko? Kina hawa kujera ki danna."

"Da wannan cikin zan hau kujera?"

Ya je akwatin wuta da ke bayan ƙofa, ya sauke makunnin esi, ya saƙala ɗan kwaɗo. Firji kuma ya ce a riƙa zare shi da rana. Miyar da ta dafa da safe kafin magariba ta yi tsami. Shi dai yakan tsaya a mamak, gidan abincin Indiyawa, ya ci abinsa, in ya tuna ya yi musu tapau, wato ya ƙunso musu a leda.

Sai Hadiyya ta koyi gudu. Da rana ta ɗaga, ta riƙe hannun Afnan su gangara a ƙafa har Jalan Tuanku Abdul Rahman, inda shagunan yadi suke jere, kowanne da sanyinsa yana kwarara har bakin titi. Ta shiga wannan ta shafa leshi, ta shiga wancan ta tambayi kuɗin gyale, ta ce za ta dawo. Ba ta taɓa sayen ko zare ba. Wata rana Afnan ta kwanta a ƙasa tsakanin dilolin yadi, barci ya kwashe ta nan take, irin barcin da ta daɗe ba ta yi ba. Yarinyar shagon ta kawar da kai kamar ba ta gani ba. Da mai shagon ya dawo, ya dube su, ya ce cikin ladabi, "Tak boleh, madam." Wato ba a kwana a nan. Hadiyya ta ɗauki 'yarta, kunya kamar ta nutse. Daga ranar ta koma hawa jirgin ƙasa. Su je tashar Titiwangsa, su sauka, su tsallaka ɗaya ɓangaren, su hau mai dawowa, ba don suna da wurin zuwa ba sai don sanyin cikin taragon.

Wani ya gan su, ya kai wa Bahauddeen.

"An ce an gan ki a jirgi kina kai da kawowa kamar marar gida."

"Gidan ne ba ya zaunuwa, Abban Afnan."

"Matar aure, da tsohon ciki, kina gantali a gari? Kin san bakin mutanenmu a nan. So kike a ce na kasa riƙe iyalina?" Ya miƙa hannu. "Ba ni katin jirgin. Kuma ban yarda ki sake fita ba sai na sani."

Ta ba shi.

Anti Larai, matar Dakta Hambali, ta leƙo ta a satin. Ko zama ba ta gama yi ba ta fara fifita da bakin mayafi.

"Anti, dama haka gidan nan yake?"

"Ke dai bari, ƙanwata. Mu ma da muka zo ƙasar nan a nan muka fara sauka. Ba mu rufa wata uku ba muka gudu, ni har ƙaramin ciwo na yi." Sai ta ga irin kallon da Hadiyya take yi mata, ta gyara murya. "Amma ai kowa da irin jarrabawarsa. Haƙuri za ki yi. Kada ki ɗaga wa mijinki hankali, karatu yake. Gobe in ya zama Dakta, wa zai ji daɗin in ba ke ba?"

"Kun sani ke nan, Anti. Kun san yadda yake kuka ba mu."

Anti Larai ta duba wayarta, ta ce direba yana jiranta a ƙasa.

Ranar da Dakta Hambali ya zo da kansa karɓar haya, Hadiyya ta kawo masa ruwa, ta durƙusa ta gaishe shi, amma ba ta tashi ba.

"Dakta, don Allah ina da tambaya. Wa ya ba gidan nan taurari biyar?"

Ya yi dariya yana goge wuya da hankici. "A'a, Maman Afnan ta zama injiniya! Ga su nan a jikin esi, ai ba ni na zana su ba."

"Sitikar sabuwa ce, esin tsoho ne, har tsatsa yake. Kuma kai cewa ka yi gidan aka auna."

"Maganar talla ce lah. Kowa haka yake rubutawa." Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. "Ku fita ku nemi gida da kanku, ku ga mutum nawa ne za su buɗe muku ƙofa in suka ji daga inda kuka fito. Ni taimako na yi. Daga filin jirgi na ɗauko ku, ba ku kwana a otal ba ko sau ɗaya."

"Dakta, ka yi haƙuri," in ji Bahauddeen da sauri. "Yanayin da take ciki ne. Tashi ki shiga ciki, Hadiyya."

Bayan ya raka shi ya dawo, ya tsaya a kanta. "Mutumin da ya haɗa ni da supervisor ɗina za ki tsare da tambayoyi? In ya juya mana baya a garin nan, wa muke da shi? Kuma mun sa hannu na shekara guda. In muka fita yanzu, kuɗin ajiyarmu ya tafi. Ki riƙa tunani kafin ki yi magana."

Kwanaki suka ci gaba da tafiya, kowace rana ta fi ta jiya nauyi. Ƙurajen zafin da suka feso wa Afnan a wuya suka sauka gadon baya, suka zama maruru. Yarinyar da da take bin uwarta ɗaki-ɗaki da surutu ta koma kwanciya, tana susa har jini, kukan ma ba ta da ƙarfinsa. Ƙafafun Hadiyya suka kumbura har silifa ta daina shiga. Kanta yana sarawa tun daga hantsi, in ta miƙe sai ta ga wasu ƙyalli-ƙyalli suna yawo a idonta. A wurin awo aka ce jininta ya hau, aka ce ta sha ruwa sosai, ta huta a wuri mai sanyi. Ta faɗa masa a hanyarsu ta dawowa. Washegari ya shigo da 'yar fankar tebur a kwali.

"Ga shi na ƙaro miki. Me kuma kike so in yi? In yi sata?"

Ta dubi fankar, ta dube shi. Ba mugu ba ne, ta sha gaya wa kanta haka. Ya rame shi ma, yana kwana yana juyi. Amma gari na wayewa yana da inda zai je ya sha iska, su kuwa ya ja musu ƙofa.

Aka shiga wani sati da ko ɗigon ruwan sama bai sauka ba. Ranar Talata Afnan ta ƙi karɓar komai, ko shayi. Tun safe ba ta yi fitsari ba, leɓɓanta sun tsage. Bayan azahar Hadiyya ta kira sunanta, shiru. Ta ɗago ta, wuyan ya langaɓe, jikin kamar garwashi, idanun sun yi sama.

"Afnan! Afnan, dube ni! Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Ta kira Bahauddeen, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. A ɗakin karatu yakan kashe mata murya. Ta sake kira, ta sake. Ta ruga akwatin wuta ta ja kwaɗon har farcenta ya karye, bai buɗe ba. Ta kwara wa yarinyar ruwa, ruwan famfon ma da ɗuminsa. Sai ta zura hijabi, ta saɓa ta a kafaɗa, ta fita. Benen ba shi da lif. Ta fara sauka tana dafa bango, tana kiran sunan Allah, tana kiran sunan 'yarta. A tsakiyar hanya ƙyallin nan ya rufe mata ido, ƙafarta ta nemi matakala ta rasa. Abin da ta iya yi kawai shi ne ta juya jikinta don kada kan Afnan ya bugu. Gefen cikinta ne ya sauka a bakin siminti.

Matar da ke sayar da shinkafa a kedai, shagon da ke ƙasan benen, ita ta ji ƙarar. Ita da mijinta suka kinkime su zuwa mota, sai asibiti.

Afnan ta farfaɗo bayan an ɗaura mata ruwa. Ɗan da ke cikin Hadiyya kuwa, namiji, an ciro shi da yamma bai yi kuka ba. Ta gan shi sau ɗaya, da sumarsa baƙa a kwance, kafin a naɗe shi. Bahauddeen ne ya ɗauke shi a hannu, shi da 'yan'uwa kaɗan suka kai shi makwancinsa washegari. Da ya dawo ya zauna a bakin gadonta ya yi kuka sosai, kafaɗunsa suna rawa.

"Allah ne ya karɓi abinsa, Hadiyya. Haka aka rubuta." Ya share ido. "Da ma kin jira ni. Da ba ki sauko da gaggawa haka ba."

Ta juya fuskarta bango.

Dakta Hambali ya zo gaisuwa da kwandon 'ya'yan itace. Ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya ja Bahauddeen waje. Da Bahauddeen ya dawo, fuskarsa ta ɗan saki a karo na farko.

"Dakta ya tausaya mana. Ya ce in aka samu wanda zai karɓi gidan, zai sake mu, ya mayar mana da ajiyarmu, mu nemi hawa na ƙasa. Akwai wani sabon ɗalibi, Yusha'u, zai zo dubawa da iyalinsa ranar Asabar. Abin da ake so kawai, kada mu ce komai."

"Kada mu ce komai," ta maimaita.

"Don ke nake yi, Hadiyya. Don ki fita daga nan."

Ranar Asabar, kwana biyu da sallamo ta, Bahauddeen ya buɗe kwaɗon tun da hantsi. Ya kunna esi ya ƙure shi. Dakta ya aiko da labule mai kauri, aka rataya shi daga sama har ƙasa ya rufe bangon yamma gaba ɗaya. Tsohon injin ya yi ta ƙugi yana ɗigar da ruwa, amma a hankali ɗakin ya yi sanyi. Hadiyya tana zaune a kujera, ɗinkin cikinta yana ja, nononta ya cika ya yi tauri babu mai sha. Afnan ta sauko daga cinyarta ta tsaya a ƙarƙashin esin, ta ɗaga fuska, ta lumshe ido tana murmushi. Hadiyya ta kalle ta. Ashe dai yana kunnuwa.

Baƙin ba su iso ba sai gab da la'asar. Yusha'u siriri ne mai yawan godiya. Matarsa Murja yarinya ce ɗanya, da jariri a goye, ƙafafunsa ƙanana suna leƙowa ta gefen zani.

"Kun ji sanyi ko?" in ji Dakta Hambali yana buɗe hannuwa. "Taurari biyar ke nan. Gidan nan ba ya riƙe zafi, ba ya cin wuta. Ga mai gidan nan, ku tambaye shi."

Yusha'u ya juya. "Malam, yaya kuka ji zamansa?"

Bahauddeen ya dubi ƙasa. "Alhamdulillahi. Ba mu da ƙorafi. Kusa da makaranta kawai muke so mu koma."

Murja ta matso ta durƙusa a gaban Hadiyya. "Anti, sannu da jiki. An ce ba ki da lafiya."

Hadiyya ta dubi ƙafafun jaririn. Ta dafa hannun kujera ta miƙe da ƙyar.

"Zo, ƙanwata. Ba ni hannunki."

Ta ja ta har gaban labulen, ta yaye shi, ta manna tafin Murja a jikin bangon. Murja ta fizge hannunta tana yarfewa.

"Wannan da esi a kunne tun safe ke nan," in ji Hadiyya. Muryarta ba ta tashi ba. "Yau ce ranar farko da aka kunna shi a cikin watanni, kuma don ku aka kunna. In kuka kunna, kuɗin wuta zai fi ƙarfin mijinki. In kuka kashe, ga abin da zai faru." Ta jawo Afnan ta ɗaga mata riga, tabon maruru ya rufe bayan kamar an ɗiga mata wuta. "Ni ma da ɗa zan goya kamar naki. Yana maƙabarta tun satin jiya. Kada ki kawo yaron nan gidan nan. Ko a masallaci za ku kwana, kada ki kawo shi."

"Hadiyya!" Bahauddeen ya daka mata tsawa.

"Ku yi mata uzuri," in ji Dakta Hambali, yana murmushin da bai kai ido ba. "Rashin da ta yi ne ya taɓa ta."

Murja ba ta saurare shi ba. Ta kai hannu baya ta dafe ɗanta, ta dubi mijinta. Yusha'u ya yi godiya a gajarce, suka fita. Dakta ya bi bayansu, a bakin ƙofa ya waiwayo ya ce wa Bahauddeen, "Yarjejeniya tana nan yadda take. Sai shekara ta cika."

Bahauddeen ya rufe ƙofa, ya juyo kanta.

"Kin san abin da kika jawo mana?" in ji shi. "Hanyar fita ɗaya muka samu, kin toshe ta da hannunki. Kin ƙaryata ni a gaban mutane."

"Ka kunna wa baƙi tun safe, Abban Afnan. Mutanen da ba ka taɓa gani ba. Ni na roƙe ka daga azahar zuwa la'asar."

Ya ɗauki hularsa ya fita masallaci.

Suka ci gaba da zama a gidan. Ta roƙe shi ya mayar da su Kano ita da Afnan, ya ce ta bari ya ƙare karatunsa tukuna, babu halin tikiti. Dakta Hambali ya daina amsa gaisuwarsa na ɗan lokaci, har sai da ya je gida ya ba da haƙuri a madadin matarsa, sannan aka shirya.

Da ta ji ƙarfin jikinta, ya kai ta taron matan 'yan Najeriya da ake yi a bakin tafkin Titiwangsa, wai ko za ta sake. An shimfiɗa tabarmi, an buɗe kuloli, yara suna guje-guje suna ihu da Turanci. Ta yi sallama, aka amsa a ciki-ciki. Babu wadda ta matsa mata wuri. Ta zauna a bakin tabarma da Afnan a cinya, tana jin maganar tana zagaya ta ƙasa-ƙasa: ita ce, ita ce wadda ta tona wa mijinta asiri, ita ce ta yi wa Dakta rashin kunya bayan duk alherin da ya yi musu. Wata dattijuwa ta matso ta yi mata nasiha a kan rufin asirin miji, ta ce mace ta gari ba ta fitar da maganar ɗakinta. Hadiyya ta ce ta gode.

A cikin matan nan akwai waɗanda suka taɓa zama a gidan, akwai waɗanda mazajensu suka raka wasu suka kama shi. Babu wadda ta tambaye ta yaya aka yi ta faɗi. Babu wadda ta tambayi ko an sa wa yaron suna. Har yau in labarinta ya taso a Kuala Lumpur, cewa ake yi matar nan da ta kunyata mijinta a gaban baƙi. Ba a cewa matar nan da ta binne ɗa.